Ƙananan Tsuntsayen Gefen Gari

1. Maƙwabtan da ba a gaisawa da su

Ya kai mai karatu, in aka tambaye ka sunayen maƙwabtanka, lalle ka iya lissafa su ɗaya ɗaya, har ka faɗi sana'ar kowa. Amma akwai waɗansu maƙwabta da suka fi waɗannan kusa da kai. Suna kwana cikin jinkar ɗakinka, suna kalaci a gindin turmin gidanku, suna shan ruwa a bakin rijiyarku, ga shi kuwa watakila ba ka taɓa tsayawa ka dube su da kyau ba. Su ne ƙananan tsuntsaye.

A Nijeriya an ƙidaya irin tsuntsaye fiye da 900. Ba sai ka tafi daji za ka ga waɗansu daga cikinsu ba. In kana zaune a unguwannin da ke bayan ganuwa, kamar gefen Kano ko Zariya ko Katsina ko Maraɗi, inda gidaje suka haɗu da gonaki da lambuna, to, kana wurin da ya fi dacewa da wannan darasi. A nan tsuntsu ya ke samun abu uku da ya ke bukata: abinci, da ruwa, da wurin sheƙa. Za mu duba abin da su ke ci, da yadda su ke yin sheƙa, da yadda za ka lura da su ba tare da ka cuce su ba.

2. Yadda a ke kallon tsuntsu

Kayan aikin ba su da tsada. Idonka da kunnenka, da ɗan littafi da fensir, sun isa. Abin da ya fi wuya shi ne haƙuri.

Ka fita da sassafe, daga fitowar rana zuwa hantsi, ko kuwa da la'asar sakaliya. Lokatan nan ne tsuntsaye su ke kiwo. Da tsakar rana su kan shige inuwa su yi shiru. Ka nemi gindin itace ko jikin danga ka zauna, ka ba rana baya, domin haske ya sauka a kan tsuntsun ka ga launinsa sosai. Kada ka yi ta motsi, kada kuma ka nuna shi da hannu. Da fari za su watse, amma in ka yi zamanka kamar kututture, kafin minti 10 ko 15 sai ka ga sun fara komowa.

In ka ga wanda ba ka sani ba, ka tambayi kanka abu huɗu. Yaya girmansa, ya kai kurciya ko bai kai ba? Yaya bakinsa ya ke? Ina ne launinsa ya fi fitowa, kai ko ƙirji ko wutsiya? Me ya ke yi, kuma a ina, ƙasa ko reshe ko sama? Ka rubuta amsa nan take. Abin da aka bar wa tunani ya kan sāke kama kafin dare.

3. Baki shi ke faɗin abinci

Kowane ma'aikaci da kayan aikinsa a ke gane shi. Kayan aikin tsuntsu kuwa bakinsa ne.

Tsuntsun da bakinsa gajere ne mai kauri, mai cin tsaba ne. Haka bakin gwara ya ke, da na marai, da na kanari, da na baiwar Allah. Da shi su ke ɓare tsaba su zubar da ɓawon. Tsuntsu ba shi da haƙora, saboda haka masu cin tsaba su kan haɗiye 'yan ƙananan tsakuwoyi, su ne ke niƙa abincin a cikin ƙundu.

Wanda bakinsa siriri ne kamar tsinke, ƙwari ya ke ci, yana tsintarsu a ƙarƙashin ganye da jikin reshe. Wanda bakinsa dogo ne siriri mai lanƙwasa, ruwan fure ya ke sha. Irin wannan shi ne ɗan tsuntsun nan mai walƙiya da waɗansu ke kira sha-kauci, domin yana son furen kaucin da ke tsirowa a kan itatuwa. Sa'ad da ya tura baki cikin fure, garin furen ya kan manne masa, ya kai shi ga wani furen, ta haka tsiron ke samun yin 'ya'ya. Tsattsewa kuwa bakinta ɗan ƙarami ne, amma in ta wangame shi yana da fāɗi ƙwarai. Tana tashi tana kamun ƙwari a cikin iska.

Ga wani abin lura. Yawancin masu cin tsaba, in suna da 'ya'ya a sheƙa, su kan nemo musu tsutsa da gara da ƙananan fāri, domin jikin da ke girma da sauri yana bukatar irin wannan abinci. Ka fita ran da shinge ya tashi bayan ruwan farko, za ka ga tsuntsaye iri iri sun taru suna wawa, har da waɗanda ka saba gani a kan hatsi.

4. Baiwar Allah

Bari mu fara da wadda ta fi kowa sabo da mutane. Tsawonta inci 4 ne, nauyinta kuwa bai cika kai giram 10 ba. Namijin ja ne, da 'yan ɗigo-ɗigo farare a gefen ƙirji, da zobe rawaya kewaye da ido. Macen launin ƙasa gare ta, sai ja kaɗan a gindin wutsiya da gaban ido. Galibi biyu biyu a ke ganinsu. A ƙasa su ke kiwo, suna tsintar tsabar ciyawa da tsakin da ya zube wurin sussuka da shiƙa.

Sheƙarta dunƙule ce ta busasshiyar ciyawa, da rufi a sama da ƙofa a gefe. Ta kan yi ta cikin jinka, ko ramin bango, ko cikin danga, ko ƙaramin itace mai duhu. Ciki kuwa gashin tsuntsu a ke shimfiɗawa, yawanci na kaji. In ka ga namiji ya ɗauki gashin kaza a baki ya tashi, ka bi shi da ido, zai nuna maka gidansa. Sun fi yin ƙwai daga ƙarshen damina zuwa cikin rani, lokacin da tsabar ciyawa ta yawaita. Ƙwan farare ne, 3 zuwa 5. Mace da namiji su kan yi kwanci bi da bi, kwana 11 ko 12 su ƙyanƙyashe. Bayan kwana 18 ko kusa da haka 'ya'yan su fita.

5. Baƙon da ba a gayyata ba

Inda baiwar Allah ta yi yawa, ka duba kan waya ko ƙololuwar itace wajen kaka. Watakila ka ga wani ɗan tsuntsu, girmansu ɗaya da ita, baƙi wuluk mai sheƙi, da farin baki da jajayen ƙafafu, yana ta kuka a wuri guda. Macensa ba baƙa ba ce, zāne-zāne gare ta launin ƙasa, ba ta da ban sha'awa.

Wannan tsuntsu ba ya yin sheƙa, ba ya kwanci, ba ya reno. Macen ta kan faki baiwar Allah har ta gane sheƙarta, sa'an nan ta shiga ta saka ƙwanta cikin na mai gida. Ƙwan fari ne kamar sauran. In an ƙyanƙyashe, ga wani abin mamaki. Cikin bakin ɗan baiwar Allah akwai waɗansu baƙaƙen ɗigo, da 'yan ƙulli farare a gefen baki, su ne iyaye ke gani cikin duhun sheƙa su sa abinci. To, ɗan baƙon nan da irin wannan zāne a ke haihuwarsa. Saboda haka sai a ciyad da shi tare da 'ya'yan gida, su tashi tare.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Wannan kuwa kukan gidan da aka rene shi ya ke yi. In ka kasa kunne, cikin kukansa za ka ji yana sako na baiwar Allah. Macen ma da ta tashi a irin wannan gida, mai irin wannan kuka ta ke zaɓa, kuma irin sheƙar da ta tashi ciki ta ke nema ta saka ƙwai. Wani masani Ba'amurke, Robert Payne, ya yi shekaru masu yawa yana binciken wannan al'amari. Ya sa waɗansu tsuntsaye na dabam suka reni 'ya'yan baƙin tsuntsun, da suka girma sai suka ɗauki kukan masu renonsu. A duwatsun Jos akwai wani ɗan'uwan wannan baƙin tsuntsu mai kwaikwayon wani kuka na dabam. Wannan kuka ya taimaka aka gane akwai wata irin baiwar Allah ta cikin duwatsu wadda masana ba su rubuta ta ba tukuna. A 1998 Payne ya ba da bayaninta. Ka ga amfanin kasa kunne.

6. Marai masaƙi

Da damina, in ka ji hayaniya a kan giginya ko dabino ko dogon yaro, ka ɗaga kai ka ga sheƙuna rataye kamar 'ya'yan itace, to, marai ne. Ba su zama ɗai-ɗai, itace guda ya kan ɗauki sheƙa fiye da 100. Namijin rawaya ne mai baƙin kai da jan ido. Shi ne masaƙin.

Ga yadda ya ke yi. Ya kan sauka a kan ɗanyar ciyawa mai fāɗi ko ganyen dabino, ya ciji gefen, ya tashi da shi a baki, sai ganyen ya tsage ya ba shi dogon zare. Ya kai bakin reshe, ya danne da ƙafa, ya ɗaura da baki. Da fari zobe ya ke saƙawa. A cikin zoben nan ya ke tsayawa ya saƙa rufi, da ɗakin ƙwai a gabansa, sa'an nan ƙofa wadda ke duban ƙasa. Sheƙa guda ta kan ci zare wajen 300, ya kan kuwa gama ta cikin yini guda ko fiye da haka kaɗan.

In ya gama, sai ya rataya a ƙarƙashinta, kai ƙasa, yana kaɗa fukafukai yana kuka. Mace ta zo ta shiga ta duba. In saƙar ta yi mata, ita za ta kawo laushin ciyawa ta yi shimfiɗa, ta saka ƙwai 2 ko 3, ta yi kwanci ita kaɗai wajen kwana 12. In ba wadda ta karɓa har sheƙar ta bushe, sai ya warware ta da kansa ya soma wata. Shi ya sa ka ke ganin tarkacen ciyawa a gindin itacen. Samarinsu ma su kan yi ta gwaji, saƙarsu ta fari sako-sako ce, sai a hankali hannu ya faɗa.

Ka tambayi kanka, don me ya ke rataya sheƙa a can bakin reshe, ƙofa tana duban ƙasa? Ka tuna da maciji, da ruwan sama, za ka sami amsa.

7. Tsattsewa da kurciya da sauransu

Tsuntsayen da mu ke kira tsattsewa ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda ke sauka a kan waya. Ita ce ke ɗebo laka a bakin kududdufi, ƙwaya ƙwaya, ta gina sheƙa kamar rabin ƙoƙo a jikin azara ko ƙarƙashin rufi. Akwai kuma baƙa mai farin gindin wutsiya, wadda ba ta sauka a waya ko ƙasa, domin ƙafafunta gajeru ne, sai dai ta maƙale a bango. Wannan a sama ta ke ci, a sama ta ke kama gashi da ciyawar da iska ta ɗauko, ta manne su da miyau a ƙarƙashin gada ko babban gini. Akwai ta uku, siririya mai doguwar wutsiya, mai kewaya giginya. Ita kan manne 'yar sheƙarta a jikin ganyen giginya, har ƙwan nata guda 2 da miyau ta ke manne su, don kada iska ta zubar.

Kurciya ba gwanar gini ba ce. 'Yan tsinkaye ta ke jerawa a kan reshe ko taga, har wani lokaci kana hangen ƙwan daga ƙasa. Ƙwai 2 ta ke yi, farare, kwanci wajen mako 2. Namiji ya kan karɓi kwanci da rana, mace ta kwana a kai. Kwanakin fari ba tsaba su ke ba 'ya'yan ba, wani abu ne mai kauri kamar kindirmo da ke fitowa daga maƙogwaron uwa da uba duka. Ka lura kuma da shan ruwanta. Yawancin tsuntsaye su kan ɗebi ruwa su ɗaga kai ya gangara, kurciya kuwa ta kan tsoma baki ta zuƙa har ta ƙoshi.

Gwara su kan cusa ciyawa da gashi a ramin bango ko ƙarƙashin kwano. Sha-kauci kuwa macen ce ke gini. Ta kan haɗa laushin ciyawa da ganye da yanar gizo, ta yi 'yar jaka mai ƙofa a gefe, ta rataya a reshe. In ba ka lura ba, sai ka ce shara ce iska ta maƙala.

8. Ladabin zuwa sheƙa

Wanda ya sami sheƙa ya ɗauki amana. Ka tsaya nesa, kamar taki 10, ka duba. In iyayen suna riƙe da abinci a baki suna ta kuka ba su shiga ba, ka yi kusa ke nan, sai ka ja da baya. Kada ka karya reshe ko ka buɗe ganye don ka gani da kyau, gama abin da ya ɓoye sheƙa daga idonka shi ne ya ɓoye ta daga hankaka da kyanwa. Kada ka leƙa kullum, sau ɗaya cikin kwana 3 ya isa, kuma kada ka daɗe. Ƙwan da aka bari a rana ko a sanyi ya kan lalace.

In ka tsinci ɗan tsuntsu a ƙasa, ka duba jikinsa. In tsirara ya ke, ba gashi, ka mai da shi sheƙarsa in ka gan ta. Maganar da a ke yi, wai in mutum ya taɓa shi uwar za ta ƙi shi, ba ta da tushe. In kuwa gashi ya rufe shi, yana tsalle, to, koyon tashi ya ke yi, iyayensa suna nan kusa. Ka ɗora shi a kan reshe, ka kori kyanwa, ka tafi. Sa'an nan ka wanke hannunka.

9. Abin da ke rage su

Unguwa tana sākewa, tsuntsayenta ma suna sākewa. Inda aka sauke jinka aka sa kwano, aka rushe danga aka yi katangar siminti, baiwar Allah ta rasa wuraren da ta saba yin sheƙa. Inda aka sare itace, marai sun tashi. Inda aka yawaita feshin maganin ƙwari, abincin 'ya'yan tsuntsaye ya ragu. Ga kuma yara da danƙo da tarko. Yaron da ya harbe uwa lokacin reno ba tsuntsu ɗaya ya kashe ba, 'ya'yan da ke sheƙa ma yunwa za ta kashe su.

Gaskiya ne waɗansu tsuntsaye suna ɓarna. Jan baki su kan sauka dubbai a gonar gero ko shinkafa, musamman wajen tafkin Cadi, su bar manomi da kuka. Marai ma su kan taɓa hatsi, su kan kuma tsage ganyen dabino. Amma laifin wani ba ya hawa kan wani. Tsattsewa ba ta taɓa cin ƙwayar hatsin kowa ba, yini ta ke tana rage ƙwari. Baiwar Allah abin da ya zube ta ke tsinta. Wanda ya san su ɗaya ɗaya shi ke sanin wanda zai kora daga gona da wanda zai ƙyale.

Taimakonsu ba shi da wuya. Ka ajiye kasko a inuwa, ka zuba ruwa wanda zurfinsa bai wuce inci 1 ba, nesa da inda kyanwa za ta laɓe. Ka zubar ka sāke sabo kowace rana, don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Ka bar ɗan lungu guda a bayan gida ciyawa ta yi tsaba. In za a sassabe itace, a jira har 'ya'yan da ke kansa su tashi.

10. Littafinka

Kowane shafi ka rubuta kwanan wata, da lokaci, da wuri, da sunan tsuntsu, da abin da ya yi. Abin da ka gani da idonka shi za ka rubuta, ban da abin da ka ke tsammani. In ba ka san sunan ba, ka tambayi tsofaffi da manoma da makiyaya, ka rubuta sunan da garin da ka ji shi, domin suna ya kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Kada ka rena wannan aiki. A Amurum, kusa da Jos, akwai makarantar binciken tsuntsaye mai sunan A. P. Leventis, wadda ke haɗe da Jami'ar Jos. Daga can ne a 2015 aka soma aikin tattara labarin inda kowane irin tsuntsu ya ke a Nijeriya, kuma da yawa cikin masu aika labarin ba masana ba ne, mutane ne masu ido da haƙuri kamarka. In ka riƙe littafinka shekara 2 ko 3, za ka san watan da marai ke soma saƙa a unguwarku, da tsuntsun da ya ƙaru, da wanda ya ɓace. Gani ya kori ji.

Tambayoyi da aiki

1. Faɗi irin baki huɗu, da abincin da ya dace da kowane.
2. Don me baiwar Allah ba ta gane baƙon da ke cikin sheƙarta?
3. Wane sashe na sheƙa marai ke fara saƙawa?
4. Me za ka yi in ka tsinci ɗan tsuntsu mai gashi a ƙasa?
5. Ka ajiye kaskon ruwa har kwana 7. Kowace safiya ka zauna minti 15, ka rubuta tsuntsayen da suka zo, da wanda ya ɗaga kai wajen sha da wanda bai ɗaga ba.
6. In ka sami sheƙa mai 'ya'ya, ka zauna nesa sa'a guda, ka ja layi a littafinka duk sa'ad da aka kawo abinci. Ka ƙidaya layukan, ka kai wa malaminku ku gwada da na sauran.